Bayin da Aka Ce Na Inna Ne

Gidanmu na Bodinga tsohon gida ne, ginin ƙasa, tun na kakanmu. Ni ne ɗan fari, ni kuma na ci gaba da zama a ciki da iyalina bayan rasuwar Baba. Ban yi nisa a boko ba, ina ƙaramar sakandare na ajiye littafi na bi Baba kasuwar albasa, har yau da ita nake ci. Ƙanena, autanmu, shi ya yi karatun, yana aikin ofis a Abuja. Gado ba a raba ba. Inna tana raye, babu mai bakin da zai ɗaga wannan magana a gabanta.

Bayin gidan yana can ƙurya, bayan turken awaki. Katanga ce iya kafaɗa, ba rufi, ba ƙyaure sai wani tsohon buhu da aka rataye. A ciki akwai masai na rami, da faffaɗan dutse da ake zama a kai a yi wanka, da 'yar rariya mai fitar da ruwa zuwa lungu. Da rani ba laifi. Da damina kuwa hanyar takan koma taɓo, dutsen ya yi santsi. Nan Inna ta zame wata safiya bayan an ɗauke ruwa. Matata ce ta ji ƙarar bokiti, ta ruga ta same ta zaune a taɓo, zani ya jiƙe, tana son tashi gwiwa ta ƙi. Ba ta karye ba, amma daga ranar sai da sanda.

Da Auta ya zo Babbar Sallah ya ga sandar, ni na gaya masa abin da ya faru, don Inna cewa ta yi sanyi ne kawai. Ya je ya leƙa bayin, ya dawo yana toshe hanci da hankici.

"Yaya, wannan abin kunya ne a gare mu. Mahaifiyarmu a nan? Zan gina mata na zamani. Ni zan kawo kayan aiki, kai ka tsaya a kai."

Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina, ashe karatun bai cinye yaron duka ba.

Bai isa Abuja ba hotuna suka fara shigowa wayata. Wani farin tayil har rufi. Wani an kewaye wurin wanka da gilas kamar shagon mai sayar da waya. Wani da madubi mai fitila, har da tukunyar fure a gefen masai. Akwai wanda aka sa wa dogon baho irin komin shayar da shanu. Na kira shi na ce, "Kai Auta, wanga komin, in Inna ta shiga wa za shi hiddo ta?" Ya yi dariya ya ce ai don in samu haske ya turo, in zaɓi abin da ya dace da ita.

Ni kuwa na ɗauki abin da gaske. Akwai wani abokin cinikina a Shagari da na ji ya gyara wa tsohonsa bayi, sai na hau babur ranar kasuwa na je na roƙe shi ya nuna mini. Babu wani ƙyale-ƙyale a ciki, amma an yi tunani. Tayil ɗin ƙasa mai kaushi ne, ko da sabulu ba ya zamewa. An kafa ƙarfe a bango daga ƙofa har masai don riƙewa. An yi dakali na siminti iya gwiwa, mutum ya zauna ya yi wankansa da alwalarsa. Famfo yana ƙasa, daidai bakin buta. Masai na zama ne, don tsohuwar gwiwa ba ta son tsugunno. Ƙyauren waje yake buɗewa, saboda in mutum ya faɗi a bayansa a iya shiga. Tsohon yana kan tabarma yana jinmu, ya ce mini, "Ɗana, tun da anka yi shi ban sake kiran kowa shi riƙa ni ba." Wannan maganar ita na ɗauko na taho da ita gida.

Sai batun wuri. Tsakanin ɗakin Inna da ɗakin Baba, wanda Auta yake sauka a ciki in ya zo, akwai ɗan fili inda na kafa rumfar shanya albasa. Filin nawa ne. Baba ya nuna mini shi da bakinsa, Inna tana zaune, ya ce in babban ɗana ya isa aure in yi masa ɗaki a nan. Auta ya ce, "Yaya, babu inda ya fi nan. Bango ɗaya ne da ɗakinta. A huda ƙofa, daga gado sai bayi, ko ruwa ake ba ta taka ƙasa ba."

Matata ta ja ni gefe. Ta ce, "Ka dai san yadda ake yi garinga. Ranar rabon gado dattawa ba su rushe gini. Wanda ya sa siminti shi a ka bar ma wurin, kai a kwatanta maka wani wajen." Na sani sarai, na ga an yi haka a gidaje da yawa a unguwarmu. Amma na ce mata wannan ba na Auta ba ne, na Inna ne, kuma wanda ya hana uwarsa taku biyu na ƙasa ba mutum ba ne. Da hannuna na kwance rumfar, na kai albasar zaure.

Na yi aikin nan kamar ni zan shiga. Na tsaya aka haƙa ramin sokawe, inda ƙazanta za ta riƙa taruwa, ta lungu. Na yi rigima da birkila a kan masai, ya dasa bututu yana kallon gabas, na ce sai dai ya fasa, Inna ba za ta zauna tana fuskantar alƙibla ko ta ba ta baya ba. Ya fasa yana gunaguni, aka juya shi arewa. Na sa gawayi na zana faɗin ƙofar a bangon Inna, na ƙara mata taƙi guda don sanda. Kullum da yamma in na dawo kasuwa sai na zuba wa bulo ruwa kafin in ci tuwo.

Gini ya kai rufi sai albasa ta yi daraja a kudu, muka yi lodi ni da abokan ciniki. Ina ta jan ƙafa, Auta ya kira ya ce, "Ka tafi abinka, Yaya. Na ɗauki hutu, ni zan zo in ƙarasa." Har godiya na yi masa.

Ranar da na dawo, ban ko ajiye jaka ba na wuce ɗakin Inna. Na durƙusa na gaishe ta, ina gaisuwar ina satar kallon bango. Bango yana nan yadda yake, kwanukanta a jere a jikinsa, an shafe zanen gawayin da farar ƙasa. Na fito na zagaya. Ɗakin Baba an sa masa sabon ƙyauren ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Matata tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ta can anka huda."

Na jawo turmi na hau, na leƙa sabon bayin ta 'yar tagar sama. Farin tayil mai sheƙi har rufi. Gilas. Shawa mai faɗin faifai. Madubi da fitilarsa. Babu dakali, babu ƙarfen riƙewa, famfon buta ma babu. Ɗaya daga cikin hotunan nan ne da ya ce don in samu haske ya turo.

Na kira Auta ina tsaye a kan turmin.

"Kai, ina ƙohwar Inna?"

"Yaya, ka dawo lafiya? Ai birkila ya ce bangonta ya tsufa, in aka huda zai iya zubowa."

"Na Baba hwa? Da ƙarhe anka gina shi? Rana ɗaya anka ɗora su."

Sai ya ce, "Ka kwantar da hankalinka. Ai duk gida ɗaya ne. In tana so ta bi ta ɗakina."

"Ɗakinka. Yaushe ya zama ɗakinka? Kuma makullin yana ina?"

Ya ce yana wurinsa, ya manta ya taho da shi, kuma yana cikin taro, zai kira. Bai kira ba.

Na koma wurin Inna ina huci, a zatona ita ma an zalunce ta, zan samu abokiyar kuka. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "kai" ko "wanga". Ban taɓa jin zafin abin ba, haka na ga ana yi. Ranar ma bango take kallo tana magana.

"Kai, bar ɗaga murya. Ni nac ce a yi ta can."

Na ce, "Inna, mi kinka ce?"

"Matarshi ba ta zuwa don bayinga namu. Ɗiyanshi ban san su ba sai cikin waya. Ya ce in an yi na kirki za su riƙa zuwa su kwana. Ni nawa ya rage min? Inda nis saba ya ishe ni."

"Tun yaushe kunka shirya haka?"

"Tun Sallah."

Tun Sallah. Wato tun kafin in hau babur zuwa Shagari, tun kafin in kwance rumfata. Na ce, to me ya hana a gaya mini? Ta gyara zaman sandarta ta ce, "Da an gaya maka da ba ka ba da wurin ba."

Gaskiya ta faɗa, da ban bayar ba. Shi ya sa aka sa sunanta a gaba, aka jira na bar gari. Da Auta kaɗai ya yi mini haka da na ce halin 'yan boko ne, na haɗiye. Amma tana zaune a tsakar gida tana kallona ina zuba wa bulo ruwa, har tana cewa Allah shi yi albarka.

Bayan kwanaki wani direban motar Abuja ya kawo mini makullin a cikin leda, da saƙon baka: in riƙa buɗewa ina zuba ruwa a masai don kada wari ya taso, kuma kada yara su shiga. Na karɓa. Na ce ko ba komai makulli ya zo hannuna. Na buɗe ɗakin, na share, na shimfiɗa buhu a kan tayil ɗin saboda santsi, na sa kujera 'yar tsugunno, na je na ce wa Inna ta taso ta gwada.

Ta dube ni kamar na zage ta. "In ɗauki buta in ratsa ɗakin da ɗana ka kwana da matarshi? A gaban gadonsu? Kai ba ka da kunya, ni ina da ita."

Na san ba za ta shiga ba. Auta ma ya sani, a gidan nan aka haife shi. Babu tsohuwar da za ta yi haka a garinmu ko da ɗakin ya shekara a rufe.

Washegari da hantsi na aro diga wurin maƙwabci. Na shiga ɗakinta na fara sauke kwanukan daga jikin bango, na ce yau sai na huda, in ya zubo ni zan gina. Ba ta yi mini gardama ba. Ta lallaɓa da sandarta, ta jawo tabarma, ta zauna ta jingina bayanta da bangon, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo.

"Sara," ta ce. "Amma ka hwara da ni. Ba a ɓata ma yaro aikinshi ina raye."

Na tsaya da diga a hannu har kafaɗata ta gaji. Matata tana bakin ƙofa ta rufe baki da gefen mayafi. Na mayar da kwanukan ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa maƙwabci digarsa. Ya tambaye ni har an gama, na ce an gama.

Da Ƙaramar Sallah suka zo, Auta da matarsa da yaran. Inna ta sa aka yanka kaji, tana ta jawo jikoki tana shafa kansu, rabon da in ga haƙoranta haka tun Baba yana da rai. Ban hana ta murnarta ba. An yi ruwa da asuba, da gari ya waye ina zaune bakin ɗakina sai ga ta ta fito, sanda a dama, bokiti a hagu, ta nufi ƙurya tana zaɓen inda za ta taka. Daga ɗakin Baba ana jin shawa tana zuba. Can Auta ya fito yana goge kai da tawul.

"Yaya, ina kwana? Ruwan nan ba shi da ƙarfi. Ina ganin sai an ɗaga tankin ruwa, in za ka ɗan matsar da turken awakin nan."

Na amsa gaisuwar, don Inna tana ji. Sauran maganar ban amsa ba, har yau kuma ban amsa ba. Na tashi na karɓi bokitin daga hannunta, na bi bayanta a hankali, hannuna ɗaya a buɗe kusa da kafaɗarta, har muka wuce taɓon.