Aska ɗaya, bayan cirar albasa

Tun da aka tare ruwa a dam ɗin Goronyo, noman rani ya kankama a wajenmu, Baba da sa'anninsa suka daina sanin hutu. Damina gero da dawa, rani albasa da tafarnuwa, ƙafa cikin laka har a kira azahar. Sai suka ƙirƙiro wa kansu wata al'ada. Ranar da aka gama cirar albasa, duk su taru gindin tsamiya a bakin hanyar ruwa, a kira wanzami ya yi musu ƙaho. Wai sanyin ruwa yana kashe jini a gadon baya, dole a fitar da mataccen.

Kamar yanzu nake ganinsu, sun jeru a kan kututture, ba riga, ƙahoni sun kafu a bayansu. Wanzami ya tsaga wannan, ya goge aska a tsumma, ya wuce kan na gaba. Ana ta raha, ana gardamar jinin wa ya fi baƙi, don mai baƙin jini shi ne ya fi kowa aiki. Baba ba ya yarda a kayar da shi a wannan gardama.

Shekarar da na fara riƙe fangalin albasa na kaina, ina tsaye ina kallo, Baba ya yafito ni.

"Taho nan ka zamna," ya ce. Ya dubi wanzami. "Yi mai da askag ga da kay yi min. Kak ka goge ta. Ɗana yaz zan namiji."

Aka yi ta shewa. Daɗi ya kusa kashe ni, ko zafin tsagar ban ji ba. Ran nan na fara cin tuwo kwano ɗaya da Baba, abin da yayyena mata suka yi ta yi mini tsiya a kai. Daga baya na samu aikin koyarwa a Achida, amma duk ranar da na zo gida, kwanonmu ɗaya.

Shekaru suka ja, muka tara iyali, gemun su Baba ya yi fari. Sai wani maƙwabcinmu, cikin masu jeruwar nan, ya fara rama, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura kamar tulu. Aka ce sammu ne. Wani ya bi bayansa da aman jini, aka ce iskokin dam ne. Abin da har gobe yake ci mini rai shi ne maganin da aka yi ta yi musu: ƙaho. Da an ce mutum yana jin kasala, sai a aika a kira wanzami.

Da ƙafafun Baba suka fara kumburi, sai da muka yi rigima kafin ya yarda na kai shi asibiti a Sakkwato. Aka ɗebi jini. Wata ma'aikaciyar jinya, Kirista ce daga wajen Zuru, ita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce ciwon hanta ne, nau'in C, ta jini yake shiga, kuma yakan yi shekaru yana cin hanta mutum bai sani ba. Ta ce masu zo mata da shi daga Wurno da Rabah da Goronyo sun yi kama da juna har tana gane su tun daga ƙofa: yawanci dattawa ne, manoma, kuma ba sa zuwa sai ciki ya ɗauki ruwa. Ta ɗaga rigar Baba, ta ga tabon tsaga jere.

"Baba, ba zan rantse daga nan ne ba, allurar da ake yi wa mutane da yawa ma tana kawo shi. Amma kai kaɗai ake yi wa da askar?"

"Mi?" Baba ya yi dariya. "Ni kaɗai? Mu da muka jeruwa awa buhunnan albassa?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce duk wanda ya yi tarayyar aska da shi ya zo a duba. Na ga dariyar ta bushe a fuskar Baba. Bai dube ni ba har muka hau mota.

Na koma ni kaɗai aka duba ni. Akwai shi. Likita ya ce tawa hantar ba ta lalace ba, akwai magani, ana warkewa. Na Baba kuwa lokaci ya riga ya wuce, sai dai a rage masa wahala.

Da hantsi na same shi kwance a zaure.

"An diba naka?" ya ce.

Na faɗa masa gaskiya, na yi saurin ƙarawa da cewa zan warke. Ya ce in juya in ɗaga riga. Na ji yatsansa yana bin tabon ɗaya bayan ɗaya.

"Ni nac ce kar a goge ta," ya ce.

Da aka kawo abinci, ya sa aka zuba mini nawa daban. Na ce masa ma'aikaciyar ta ce ba a ɗauka ta kwano, na rantse, har na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Ya ce ciwon da ya ba ni ya isa, ba zai ƙara mini ba.

Na sha magani, aka sake duba jinina, aka ce babu komai. Baba bai kai ga jin wannan ba. Ya rasu albasa tana fara ƙosawa, kuma har ranar da ya bar duniya kwanona daban ake ajiye mini.