Tsagar Gidanmu a Fuskar Kakarsa

Aikina ɗaure kaya ne a wani sito a Al Warsan, a ƙasar Larabawa, muna cika kwantena mai tafiya Kwatano. Ranar Juma'a nakan je masallaci a Al Rigga, don a can nake ganin mutanenmu na wajen Damagaram. Wata rana ina neman takalmina bayan salla, wani tsoho ya riƙe mini hannun riga. Baƙi ne kamar ni, amma da farar riga irin ta 'yan ƙasa, kuma Larabci kaɗai yake ji. Ya daɗe yana kallona. Sai ya sa yatsa ya bi tsagar fuskata daga gefen baki zuwa kunne, ya tsaya a kan 'yar gajeriyar da ke ƙarƙashin idona na hagu.

Ya ce, "Ta kakata ce wannan. Har wannan ƙaramar."

Larabcina na sito ne, amma na gane. Ɗansa da ke riƙe da shi ya cika mini sauran a mota, don a ranar suka tafi da ni gida. Tana yarinya aka sayar da kakar a Makka, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta iso bakin tekun nan, gidan wani mai jiragen ruwa. Ta mutu ba ta tuna sunan garinsu ba. Fuskarta kaɗai jikan ya riƙe.

Tun a motar na san abin da ya kamata in faɗa. Gajeriyar tsagar nan ta gidanmu ce, babu wani gida mai ita. Kuma tun ina yaro nake jin labarin a zaure. A da mutanen gidanmu suna bin mayaƙan sarki kudu, su dawo da yara. Da an kawo yaro sai a kira wanzami ya yi masa tsagar gida, don in danginsa sun biyo sawu a ce musu a nan aka haife shi. Da Turawa suka shigo da bindigoginsu, kakan babana ya ce ba zai zauna ƙarƙashinsu ba, ya kama hanyar gabas a ƙafa, da yaran nan a bayansa. Guzuri ake kiransu. In abinci ya ƙare sai a sayar da ɗaya. Ni kaina na sha yin alfahari a makarantar allo cewa kakanmu ya je Makka a ƙafa.

Tsohon ya ce, "Ashe kai jinina ne, ya waladi, ɗana."

Na ce, "Na'am, Baba."

Wata da watanni ina cin shinkafa da kifi a gidansa kowace Juma'a. A damarsa nake zama, da hannunsa yake zuba mini gahawa. A sito babu mai kirana sai da tsawa, a nan kuwa jikokinsa suna sumbatar kaina. Ba zan ce tausayinsa ne ya rufe mini baki ba. Daɗin na ji. Yakan ce in ba shi labarin garin, ni kuma in kawo rijiyoyi da kukoki da ranar kasuwa, shi ya lumshe ido yana cewa, "Nan ta yi wasa."

Sai ya ce zai je. Yana son ya tsaya a kan kabarin iyayenta ya yi musu addu'a da sunansu kafin ƙafafunsa su ƙi shi. Ɗan ya fara tambayata jirgin Yamai da motar Zinder.

Na kira gwaggona a waya, wadda ta fi kowa tsufa a gidanmu. Na yi fatan ta ce akwai 'yar gida ta jini da ta ɓata a hanyar.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ka tuna da ni yau? Ko Larabawan sun koro ka?"

Na gaya mata komai.

"'Yar gida? Wa zai sayar da 'yarsa? Duk wanda aka haifa a gida ya dawo. Cikin guzurin ce."

"Gwaggo, daga wane gari aka kamo su?"

"Oho. Kudu dai."

"Sunan yarinyar fa? Ko na ubanta?"

"Kai wane irin yaro ne? Wa ya tambaye su suna? Da sun shigo ake raɗa musu sabo." Na ji kaji a bayanta. Sai ta ce, "Ta haihu dai? Ta ga jikoki?"

Na ce ta gani.

"To, alhamdu lillahi. Ka gaida shi. Ka ce Allah ya yafe mana."

Juma'ar da ta biyo, da aka kawo tiren abinci, na ƙi wanke hannu. Na ce wa ɗan ya zauna ya fassara, don kada in ɓuya a bayan ƙarancin Larabcina. Na faɗi na wanzami, na faɗi na guzuri, na faɗi cewa tun ranar farko na sani. Ɗan ya tsaya a tsakiya, ya ce, "Khalas, ya isa." Tsohon ya ce ya ƙarasa.

Bai zage ni ba. Ya tambaya ko akwai wani tsoho da ya rage a wani gidan. Na ce babu. Zuriyar wanzamin fa? Na ce sun bar aska tuntuni, kuma su ma ba a gaya musu. Fadar sarki? Na ce sun san sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu, ba na yaran da aka kamo ba.

Ya ce, "Kudun nan, babba ce?"

Na ce, "Babba ce, Baba. Garuruwa ne ba iyaka."

Ya juya ga ɗansa ya ce a bar maganar jirgi. Sai ya ce a ɗauke tiren, ba zai ci ba, amma a zuba mini nawa in tafi da shi.