Haisam da Fedar Keken Gwaggo Tasallah

A bakin kakata na fara jin sunan Haisam. Kullum bayan sallar asuba takan ɗaga hannu ta ce, "Allah ka mayar wa Haisam ɗan Rakiya da hannunsa." Sai daga baya na san ɗan 'yar'uwar mahaifina ne, wanda inji ya danne wa hannun dama a wata ma'aikata a Yanbu. Ya dawo unguwarmu Khalidiyya da hannun rataye a ƙirji, yatsun ba sa motsi.

Tun yana Yanbu yake koyon haɗa manhajar waya, don haka ya ce da ita zai ci abinci. Amma babbar manhajar da kowa ke aikin a cikinta hannu biyu take so: ɗaya kan linzamin kwamfuta, ɗaya yana danne madannai uku a tare. Ya gwada wannan manhaja ya ajiye, ya gwada waccan, sai tsohuwar kwamfutarsa ta ɗau zafi ta tsaya cak. Daga ƙarshe ya zaɓi wata ƙarama mara ado, saboda tana yarda mutum ya sauya wa kowane madanni aiki. Ya tattaro komai ƙarƙashin yatsun hagu. Abu ɗaya ya gagara: madannin da ake riƙewa yayin da ake danna wani.

Rannan yana kallon Gwaggo Tasallah tana ɗinkin abaya, idonsa ya sauka kan ƙafarta da ke taka fedar keken ɗinki.

"Gwaggo, tsohuwar fedar nan da kika ajiye fa?"

"Kai kuma tela za ka zama da hannu guda? Ɗauka, ya waladi, ɗana, kar dai ka ƙona min gida."

Ya farke tsohon kibod, ya haɗa wayoyin cikinsa da fedar. Ƙafarsa ta karɓi aikin yatsun da suka mutu.

Wani ƙaramin kamfani mai yi wa otal-otal ɗin tsakiyar gari manhaja ya kira shi gwaji. Gurbi ɗaya ne, su biyu ne masu nema, shi da wani Saif. In ya faɗi, abin da ya rage shi ne kujerar gadi da kawunsa Usmanu ya riga ya yi masa magana a kai. Mudir, wato shugaban kamfanin, Ustaz Abdulmajid, ya ba kowa kwamfuta: shafin da baƙi ke neman mota a kansa yana daskarewa, a gyara kafin la'asar.

Haisam ya buɗe jaka zai ciro fedar. Mudir ya ɗaga hannu.

"Mamnu', an hana. Ba a jona komai daga waje. Tsarinmu ɗaya ne ga kowa."

Haisam ya mayar da jakar ƙarƙashin tebur. Ya gano matsalar da wuri, amma kaiwa gare ta ya zama azaba: ya saki linzami ya kama kibod, ya miƙe ƙaramin yatsa har ya ƙage. Ƙafarsa tana ta taka tayil, tana neman abin da babu. Gefensa kuwa Saif sai ruwan dannawa yake.

Haisam ya miƙe da fedar a hannu. "Ustaz, na san inda ciwon yake. Da wannan tsari ba zan gama ba. Ka duba abin da idonka, in bai yi maka ba na tafi."

Mudir ya juya fedar a hannu, ya ga zaren da ya maƙale a gindinta.

"Keken ɗinki?"

"Na gwaggona."

Saif ya fashe da dariya. "Ka ɗinka mana manhajar ke nan, ya mu'allim!"

Haisam ya fara rufe jakar. Sai mudir ya jawo wata kwamfuta da ba ta haɗe da komai. "A wannan. Yalla, maza, lokaci bai ƙaru ba."

Haisam ya zuba tsarinsa daga filashi, ya tuɓe takalmi. Ƙas, ƙas, ƙas, ɗakin ya cika da ƙarar feda. Ladanin Harami ya ɗaga murya da kiran la'asar daidai lokacin da shafin ya buɗe a wayar mudir. Mudir ya gwada, ya sake gwadawa, ya ce ya zo dawam, wato aiki, ranar Lahadi, da kekensa.

Da ya dawo gida, ni ya fara nema, don ya san hotunan dangi da muryoyin tsofaffi duk a wurina suke. Ya miƙo min filashin.

"Hanan, kwafi abin da ke ciki ki ajiye tare da muryar Kaka. In kwamfutata ta mutu, wurinki zan zo in karɓi hannuna."