Alkamar Kakana a Bakin Rahad

Duk sa'ad da na ji warin man dizal, wanda mu a Gadarif ta ƙasar Sudan muke cewa jaz, sai gabana ya faɗi, ko da ba abin da ya faru. Tun ina yarinya nake haka.

Gidanmu dawa da riɗi muke nomawa da damina, kamar kowa. Kakana ne kaɗai ke da 'yar gona a bakin kogin Rahad, inda yake shuka alkama lokacin sanyi, da wani tsohon injin ban-ruwa. Hutun makaranta can nake yi, ina kai masa shayi, ina kallon ruwa yana bin kunya-kunya.

A shekarar da aka canza kuɗi, jine, wato fam ɗin Sudan, ya koma dinari, ya sayar da alkamarsa da wuri ya ajiye kuɗin taki. Da lokacin shuka ya zo ya tafi kasuwa, ya dawo da takin da bai kai rabin wanda ya saba saye ba. Ya zauna ƙarƙashin rumfa, bai ko cire takalmi ba.

Kawuna ya ce wa mahaifin nasa, "Yaba, bana a bar alkamar nan. Taki daga waje yake zuwa, jaz ma haka, kuɗinmu kuwa kullum narkewa yake."

Kaka ya ce, "In na bar gonar, wa zai ba ni ita baɗi?"

Ya shuka. Ta yi kore shar, ta fara fid da kai, sai jaz ya ƙare, ga ban-ruwa na ƙarshe bai samu ba. Kowace safiya yakan murza zangarniya a tafin hannu ya duba, ni kuma in duba fuskarsa. Ganye ya fara nannaɗewa. Kakata ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa aka kai akuyarta mai ciki kasuwa, aka sayo jaz da kuɗin. Da injin ya tashi, har rawa na yi.

Alkama ta nuna, amma kuɗinta bai maido ko akuyar ba. Kafin wani sanyin, Kaka ya sayar da injin.

Yanzu ɗan ƙanena ne ke riƙe da gonar. Kwanan baya ya kira ni, ya ce farashin taki na safe daban, na yamma daban. "Gwaggo, in shuka ko in bari?" Na ce masa zan yi tunani. Sanyi ya kusa, har yau ban kira shi ba.