Ranar da Muka Je Faɗa wa Baba Mun Gaji

Shekarun baya, kafin furfura ta cinye min gemu, ina cikin wata ƙungiyar wasan daɓe a Gwammaja. Wani tela ne ya kafa ta tun ina firamare, shi da abokansa, a wani aji da hedimasta ya ara musu. Baba muke ce masa. Shi ke tsara wasa, shi ke ɗinka kayan da za mu sa, shi ke daka mana tsawa idan muka juya wa 'yan kallo baya. Ni da na shiga, fitowata ta farko gawa aka ba ni. Ana tsakiyar koke-koke a kaina na yi atishawa.

A lokacin ana yayinmu. Ranar rabon kyaututtuka a makarantu, taron unguwa, faɗakarwar rigakafi, duk mu ake nema. Sai finafinan kaset suka zo. Masu fuska da masu murya suka tafi, muka koma ganinsu a jikin fasta. Matan ƙungiya suka yi aure suka daina zuwa, har ya zama abokina, wani mai gyaran babur a Ƙofar Mazugal, shi ke ɗaura ɗankwali ya fito a mace. Daga baya aka karɓe ajin, muka mai da rihazal soron mahaifiyata. In ta aiko mana da ruwa sai ta haɗo da saƙo: "A tambaye su, yaushe za su girma?"

Muka rage 'yan tsiraru, kowa da iyali. Ni sai in taso daga kasuwa da ciwon baya, in zauna haddar maganar da ba mai saurara. Wata rana muka yi wasa a wata sakandare, ɗalibai na hamma, malamai na danna waya. Muna haɗa kaya abokina ya cire ɗankwalin ya share gumi da shi.

Ya ce, "Wallahi ɗana ya fara jin kunyata. Abokansa Hajiya suke ce min."

Na ce, "Ni ma na gaji."

"To mu daina mana."

"Wa zai faɗa wa Baba?"

Wannan tambayar ta riƙe mu shekaru. Idon Baba ya yi rauni, ya ajiye keken ɗinki, amma duk Asabar sai ya taso daga Kabara da sandarsa ya zo rihazal. Gani muke duk ranar da muka ce mun daina, ranar zai kwanta ciwo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka yi ta maza muka tafi gidansa. A hanya muka raba magana kamar wasa: ni zan fara da godiya, abokina ya ƙarasa. Muka same shi a kan tabarma a soro. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Na fara yabon ɗawainiyarsa, na zagaya, na dawo inda na fara. Na kalli abokina, ya duƙar da kai yana wasa da makullin babur.

Baba ya ce, "Kai, ka daina kewaye-kewaye. So kuke a rufe ƙungiya?"

Muka gyaɗa kai.

Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Alhamdulillahi."

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Ni tun da aka karɓe ajin nan na so in ce a haƙura. Sai in ga kun rufe sana'arku kun zo, in ce in na faɗa zan karya muku zuciya. Kun san yadda nake fama da gwiwoyin nan kafin in hau adaidaita sahu?"

Abokina ya fashe da dariya har ya kwanta a tabarma. Can na lura ba dariya yake ba kuma.

Abu ɗaya Baba ya roƙa, kada mu sulale kamar marasa gaskiya, mu yi wa unguwa sallama. Muka yi wasan ƙarshe a ƙofar gidanmu bayan la'asar. Maƙwabta suka fito da benci. Wata tsohuwar 'yar ƙungiya ta zo da jikokinta, ta ce wa abokina, "Sauke ɗankwalin nan, Malam, ka sha wahala." Ita ta fito a mace a madadinsa. Kafin magariba mun gama, aka raba kayan wasa, kowa ya kama gabansa. Baba ya rayu shekaru bayan haka, yana zaune a ƙofar gida da rediyonsa, har ƙiba ya yi.

In an tambaye ni abin da ya riƙe ƙungiyar nan tsawon lokaci haka, a da cewa nake son wasa ne. Farkonta kam haka ne. Ƙarshenta kuwa kara ce kawai, muna yi masa, yana yi mana, ba wanda ya iya buɗe baki. Ba na kewar daɓe sosai, gaskiya. Abin da ke tsaya min a rai shi ne tsohon nan yana ɗingishi a lungu, yana tsallake kwata don kada ranmu ya ɓaci, mu kuma muna zaune a soro muna fatan hadari ya haɗo ya hana shi fitowa.