Gwangwanin Ƙwarin Yaya Delu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Delu, mai ƙosan bakin tashar Maraɗi a nan Jibiya. Allah Ya jiƙanta. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ni ma sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake iya rubuta muku wannan da hannuna.

Yaya Delu tana da wani gwangwani da take kiwon ƙwarin wake a ciki. Duk sabon buhun da aka kawo mata, sai ta ɗebi kaɗan ta zuba musu, ta rufe, ta jira kwana biyu. In ta buɗe suna yawo, ta jiƙa wakenta. In sun mutu, to an barbaɗe shi da maganin ƙwari, buhu ya koma inda ya fito. Wani dillali ya taɓa nuna mata takarda mai hatimi, wai an duba kayansa. Ta ce, "Alhaji, ma'aikatana sun mutu, naka masu hatimi kuwa suna raye don ba su ci ba. Kwashe kayanka."

Yanzu 'yarta Binta ke kan kaskon, gwangwanin ma yana nan. Amma an zo da waken da aka sauya wa halitta, shi kuma wannan waken, ƙwari ba su da ta cewa a kansa. Ni ban ce guba ba ne, ban sani ba. Abin da na sani, masu cewa mu kwantar da hankalinmu su ne waɗanda buhunan guba suka yi ta wucewa ta gabansu a shingen hanya, ba su taɓa kwance ko ɗaya ba. Da wani jami'i ya tara mu yana bayani, na ce, "Ranka ya daɗe, ta yaya zan bambance shi a kasuwa?" Ya yi murmushi ya ce masana sun gama magana. Masana! Na sha wuya na koyi karatu don in karanta abin da ke jikin buhu, sai na tarar ba su rubuta komai ba.

Direbobi sun fara tambayar Binta wane irin wake take soya musu. Tambayar nan na iya tashin rumfar da uwarta ta kafa. Wasu sun ba ta shawara ta ce na gargajiya ne kawai, wa zai gane?

Da Yaya Delu na nan, na san tsaki za ta ja. Makon jiya ina zaune wani direban tirela ya tambaya. Binta ta ce, "Kawu, wannan kwanon na waken wani manomin ƙauyen Mazanya ne, na san irinsa tun na kakansa. Wancan na kasuwa ne, ƙwari sun ci sun rayu, amma asalinsa ban sani ba. Zaɓi."

Ya ci daga duka biyun, ya yi hamdala. Ashe abin da Yaya Delu ta bari bai tsaya ga gwangwani ba. Ta bar 'yar da ke iya cewa "ban sani ba", kalmar da har yau ban ji ta fito daga bakin hukuma ba.