Ƙusoshi Uku a Bindigar Kakana

Shekarun baya, bayan idon mahaifiyata ya tafi gaba ɗaya, sai hirarta ta tattaru a kan abu guda: bindigar mahaifinta. Maharbi ne a wani ƙauye kudu da Kano, bindigar kuwa gobara ta cinye ta tun ba a haife ni ba. Duk safiyar da na shiga gaishe ta a gidanmu na Fagge sai ta ce, "Da zan ƙara shafa ta sau ɗaya, da kamar na gaisa da Baffa." Ta haura tamanin, jiki ya yi rauni, kuma na san lokaci ba jirana zai yi ba. Na ƙudurta sai na ɗora mata irinta a cinya.

Ina da aboki a Sabon Gari, dattijo Ibo, mai gyaran makullai da ƙofofin ƙarfe. Kakanninsa maƙera ne can gabas, amma shi haihuwar Kano ne, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Da na faɗa masa buƙatata sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Alhaji, so kake a ɗaure ni da furfurata?"

"Ta ado ce, Oga. Tsohuwa ce za ta shafa."

"To, cikinta a toshe zan yi shi. Ko allura ba za ta shiga ba, balle albarushi."

Wata biyu muna abu ɗaya. Ya samo busasshen maɗaci ya sassaƙe da gizago, ya kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi santsi, ya bi shi da man kaɗe. Ya ƙera dogon baki da kunama, ya ɗaure su da zobban tagulla, ya maƙala dutsen ƙanƙara kamar na gaske. Ni aikina zama a benci da ba da shawarar da ba a nema ba.

Da aka zo ado sai na ce wannan fagena ne. Na ga tsofaffin bindigogi a Fas ta Maroko, an lulluɓe su da azurfa. Na ga na Santambul da aka dasa wa ɓawon kifin teku, na ga na Agadas masu tuntayen fata. Na yi ciniki da Larabci da Faransanci a gaban irinsu, wa zai koya mini? Na shiga kasuwa na sayo ƙusoshin tagulla masu kumburarren kai, na zana dagi a gindin bindigar, na bi zanen ina bugawa da hannuna. Sittin da wani abu na buga. Ta yi kyau, wannan ko yau ba zan janye ba.

Abokina ya juya ta a hannu ya ce, "Ka tambayi Mama yadda ta asalin take?"

"Ba-zata nake so in yi mata."

"A wurinmu ba a yi wa bindigar mamaci ado sai an tambayi wanda ya taɓa ɗaukarta."

Na ce masa wurinsu daban, wurinmu daban. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma kan makullansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai mata, naɗe a cikin zane. Ta fara sunsunar man kaɗen ta yi murmushi. Ta bi bakin da tafin hannu tun daga sama. "Tsawonta ke nan," in ji ta. Ta taɓa kunamar ta yi dariya. Ni kuwa ina ta hura hanci. Sai hannunta ya iso gindin, ya tsaya. Ta shiga bin ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, fuskarta tana canzawa.

"Kai, wa ya kashe waɗannan duka?"

"Inna, ado ne. Haka ake yi a Maroko."

"Ubana Bamaroke ne? A cikin maharbansu ba a buga ƙusa sai an kayar da babban nama, kuma a gaban shaidu. Ka tashi ka yi wa Baffa ƙarya yana kabari. Ƙusar bindigarsa uku ce. Ɗauke min wannan."

Ta ture ta daga cinyarta. Ina da jikoki a lokacin, amma haka na fito sumui-sumui kamar an kama ni da hannu a tukunya.

Da na ba abokina labari, ya yi dariya har da tari. "Ashe kakanka ne ya ƙarar da namun dajin ƙasar nan! Shi ya sa ba mu tarar da komai ba." Sannan ya miƙo mini filaya ya ce wanda ya buga shi zai cire. Kwana uku ina zare ƙusa, na bar uku kacal. Ya kwaɓa garin katako da ƙaro muka cike ramukan, muka goge, muka sake shafa mai. Duk da haka tabon bai ɓace ba.

Da na mayar, ta lalubo ukun nan ta riƙe. Ta ce ta farko ɓauna ce, ta biyu damisar da ta addabi garken garinsu.

"Ta ukun fa, Inna?"

"Ni na buga ta. Ina 'yar shekara bakwai, na ga biyu ba su yi kyau ba, na ƙara ɗaya da dutsen niƙa. Na sha tsumagiya ranar. Amma bai cire ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, biyu nawa ne, ɗaya ƙaryar 'yata ce." Ta share ido tana dariya. "Ni ɗaya na ƙara aka zane ni. Kai sittin, ga shi ba ni da ƙarfin ɗaga bulala."

Ta rungume bindigar, ta ce a bar mata ita a gefen gado. Bindigar tana gefenta har Allah ya karɓi ran Inna bayan damina.

Na zaga ƙasashe ina tambayar baƙi tarihin kayansu da harsuna huɗu, amma ban taɓa zama na tambayi wadda ke gida ɗaya da ni ba. Yanzu bindigar tana rataye a zaurena. Baƙi sukan yaba ƙusoshin uku, masu kaifin ido kuma su tambayi ɗigo-ɗigon da ke kewaye da su. Nakan ce musu biyu na kakana ne, ɗaya ta mahaifiyata, tabon nan kuwa duk nawa ne.